Wanda ba ya zaman majalisa: miskili ne, ko akwai abin da yake samu a keɓewa?

Alƙalamin_Dare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. A wurinmu in aka ga mutum ya idar da isha'i ya shige ɗaki, ba ya zaman benci, in ya je biki ya gaisa ya ɗan taɓa hira ya tashi, nan take ake yanke masa hukunci: ko miskili ne, ko girman kai ke damunsa, ko kuma a nema masa magani. In mace ce abin ya fi muni, sai a ce ba ta son dangin miji. Alhali in aka duba tarihin rubutu, manyan ayyuka da yawa a keɓe aka yi su. Imam Ghazali ya bar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, ya yi kusan shekara 11 bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba, a tsakanin nan ya rubuta babban littafinsa Ihya'u. Ibn Khaldun ya tare a Ƙal'at Ibn Salama, a Aljeriya ta yau, ya zuba littafinsa Muƙaddima cikin wata 5 a 1377. Abin da nake cewa shi ne, al'ummar da ba ta barin mutum ya zauna shi kaɗai tana kashe marubutanta tun suna yara. Me kuka gani?

Bakatsine_77:
Wa alaikumus salam. Malam, misalanka duka biyu daga waje ka ɗebo su. Adabinmu a cikin jama'a aka haife shi. Tatsuniya ba ta yiwuwa sai an ce "ga ta nan, ga ta nanku" wasu sun amsa. Waƙar baka sai da 'yan amshi da makaɗa da wanda ake yi wa. Kirari, karin magana, kacici-kacici, duk sai da mai ji. Hatta rubutacciyar waƙa ba don a karanta a zuci aka tsara ta ba, don a rera ta ne a ƙofar masallaci ko a rediyo. Wanda bai zauna da mutane ba, a ina zai samu Hausar da zai rubuta? Hausa mai daɗi a bakin 'yan kasuwa da tsofaffi take.

Malama_Adabi:
Kafin gardama ta yi nisa, mu fara raba kalmomin, don ina ganin abu biyar muke kira da suna ɗaya. Miskili shi ne wanda za ka yi masa magana ya ji sarai ya ƙi amsawa, ko ya amsa lokacin da ya ga dama. Wannan hali ne na mu'amala, kuma yana cutar da na kusa. Mai kunya yana son shiga mutane, nauyinsu ne ke hana shi. Mai zurfin ciki yana iya zama mai surutu, sai dai damuwarsa ba ta fitowa. Mai kawaici ya gani ya ji, ya kau da kai don mutunci, kuma shi yabonsa ma ake yi. Na biyar shi ne wanda Alƙalamin_Dare yake nufi: yana gaisawa, yana amsa magana da kyau, ba ya tsoron kowa, amma taro yana gajiyar da shi kamar ya yi noma, sai ya keɓe ƙarfinsa ke dawowa. Shi ne ba mu da tsayayyen suna dominsa, shi ya sa ake lanƙaya masa sunan na farko.

Haka ma kaɗaici da keɓewa. Kaɗaici samun mutum yake yi ba da sonsa ba, kamar na tsohuwar da 'ya'yanta suka watse birane. Keɓewa mutum ne ke yi da ƙafarsa, ya san lokacin shiga, ya san na fita. In muka ce "kaɗaici sai Allah", na farkon muke nufi.

Abu_Maryam:
Ni dai tsorona kada a yi wa yanke zumunci ado da sunan adabi. Hadisi ya tabbata a Tirmizi da Ibn Majah cewa muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ba ya cuɗanya da su kuma ba ya haƙuri da cutarwarsu. Jam'in salloli biyar, Juma'a, jana'iza, duba mara lafiya, duk ba a yin su daga cikin ɗaki. Mutum rahama ne.

Ɗalibin_Zaure:
Abu_Maryam, hadisin da ka kawo Ghazalin da kansa ya kawo shi, don bai ɓoye hujjar ɓangare ko ɗaya ba. A cikin littattafai 40 da suka haɗu suka zama Ihya'u, na 16 kacokan a kan ladubban keɓewa yake, kuma yadda ya tsara shi zai rage mana wahala a nan.

Ya ƙirga fa'idodin keɓewa 6. Samun sarari don ibada da tunani. Kuɓuta daga zunuban da zama da mutane ke jawowa, irin su gulma da riya da yin shiru a kan ɓarna, da abin da ya kira satar ɗabi'a, wato halin abokin zama ya shige ka ba ka sani ba, abin nan da mu muke cewa zama da maɗaukin kanwa. Sai tsira daga fitina da husuma, da tsira daga sharrin mutane, da yankewar kwaɗayi tsakaninka da su ta kowane ɓangare. Na ƙarshe, hutawa daga ganin masu nauyin zama da wawaye.

Sai ya juya ya ƙirga abu 7 da mai keɓewa ke rasawa: koyo da koyarwa, amfana da amfanarwa, horuwa da horarwa, ɗebe kewa, samun lada da bai wa wasu damar samu, tawali'u, da gogewa. A duba na shida da kyau. Ya ce akwai wanda girman kai ne ya zaunar da shi a gida, don yana tsoron kada ya je taro a ƙi ba shi wurin da yake ganin ya cancanta. Alamar irin wannan ita ce yana son a ziyarce shi amma ba ya son ya ziyarci kowa. Sannan ya yi gargaɗi mai zafi ga wanda ya keɓe tun bai yi ilimi ba, cewa zai ɓata lokacinsa a barci da saƙe-saƙen banza. Hukuncinsa a ƙarshe bai ce wannan ya fi wancan kai tsaye ba, ya ce a dubi mutumin, a dubi waɗanda zai zauna da su, a dubi abin da ya sa shi keɓewar, a auna abin da zai samu da abin da zai rasa.

Alƙalamin_Dare:
Allah ya ƙara sani, Ɗalibin_Zaure. Wannan alamar ta son a zo maka kai ba ka zuwa ta raba gardama da yawa. Amma har yanzu ina kan bakata cewa mu mun karkata gaba ɗaya zuwa bakwai ɗin, mun manta da shidan.

Gardi_Mai_Allo:
Ba mu manta ba, Malam, sai dai in 'yan boko ne suka manta. A tsangaya akwai kiskadi tun kaka da kakanni. Wuri ne a bayan gari, nesa da hayaniya, inda gardawa ke fita da allunansu, kowa ya nemi gindin bishiya ko 'yar bukka ya zauna nesa da ɗan'uwansa yadda karatun wani ba zai shiga na wani ba. Hadda ba ta zama a cikin surutu. Wanda zai rubuta Alƙur'ani izu 60 da ka kuwa, ai ba a ma maganar hira a kusa da shi.

Sai dai ga inda abin ke lalacewa, kuma duk wanda ya san harkar zai gaya maka. Ba a fita kiskadi da allon da ba a duba ba. Sai malam ya bi rubutun ya gyara wasali da ɗauri, ya biya maka ka ji da kunnenka, sannan ka tafi ka maimaita. In ka tafi da kuskure, sau ɗari za ka nanata shi kai kaɗai babu mai tsayar da kai, ya zauna daram, kankare shi ya fi sabuwar hadda wuya. In ka dawo kuma sai ka kawo karatun a gaban wani ya saurara. Shi ma alaramman da ya gama rubutu, wasu mahaddata yake bai wa su bi masa shafi-shafi. Keɓewar tana tsakiya ne, malam a gabanta, malam a bayanta.

Ummu_Khalil:
Maza kuna ta maganar kiskadi da Ƙal'at Ibn Salama, ku tuna da mata. Namiji in yana son shiru yana da soro, yana da shago, yana da masallaci tsakanin magariba da isha'i. Mace ɗakinta shi ne ɗakin yara, shi ne na baƙi, shi ne ma'ajiyar kaya. Marubuciyar nan ta Ingila, Virginia Woolf, tun 1929 ta ce mace ba za ta iya rubuta ƙagaggen labari ba sai tana da ɗaki nata na kanta da kuɗin shiga fam 500 a shekara. Matanmu na Kano da Kaduna da Zinder sun rubuta littattafai bila adadin babu ko ɗaya daga cikin biyun, amma da wahalar da ba a faɗa.

Ga abin da ke aiki ga matar aure mai son rubutu ko nazari. Kada ta jira yini guda babu kowa, ba zai zo ba. Lokuta uku ne ke samuwa: bayan asuba kafin a ɗora ruwan wankan yara, minti 30 zuwa 40, tsakanin ƙarfe 4 da 6 na yamma in yara sun tafi islamiyya, muddin an rage aikin tuwon dare tun da rana, sai ranar da ba ita ke da girki ba, ga mai abokiyar zama. Ta zaɓi ɗaya ta riƙe, kada ta ce duka za ta haɗa. Kalma 500 a rana, a kwana 60 ta tara 30,000, wato littafi ya fara kama jiki. Babban abin da ke rusa tsarin shi ne rubutu a cikin WhatsApp kai tsaye, inda saƙonni ke shigowa. Ta kashe data, ta yi a littafin rubutu ko a ma'ajiyar rubutu ta wayar, sai ta gama ta tura. Kuma ta gaya wa maigida da manyan yaran a fili cewa wannan lokacin nata ne. In ta ɓoye, za a ɗauka fushi take yi.

Hajiyar_Unguwa:
Gaskiya ne 'yata. Kuma a daina ɗauka cewa macen da ke cikin kulle ta samu keɓewa. Gidan da ke da mata uku da yara goma sha, da masu shigowa sayen ƙuli-ƙuli da masu aiko a ba su aron turmi, ya fi kasuwa hayaniya. Tana iya yin shekara ba ta fita ba, kuma ba ta taɓa samun awa guda ita kaɗai ba. Wata kuma akasin haka, amarya ce aka kai ta sabuwar unguwa bayan gari, gida mai get, miji ya fita tun safe. Wannan kaɗaici ke cinta, ita mutane take bukata. Kada a ba su magani iri ɗaya.

MaiNazarinHali:
Abin da Malama_Adabi ta rarrabe ya yi daidai da abin da masana halayyar ɗan'adam suka tsaya a kai. Carl Jung, likitan nan na Suwizalan, shi ya yaɗa rabon mutane gida biyu a littafinsa na 1921: masu karkata ciki da masu karkata waje. Binciken da ya biyo baya ya nuna abin ba gida biyu ba ne, kamar tsawo yake, akwai dogo akwai gajere amma yawancin mutane a tsakiya suke. Kuma karkata ciki ba cuta ba ce, babu abin da za a warkar.

Inda nake so iyaye da ma'aurata su sa ido shi ne bambancinsa da ciwon damuwa, domin daga waje kamarsu ɗaya: mutum a ɗaki, ƙofa a rufe. Tambaya ta farko, haka yake tun da, ko canzawa ya yi? Wanda tun yana yaro mai shiru ne, wannan halinsa ne. Wanda da shi ke riƙe da hira yanzu ya daina fitowa, ruwa ba ya tsami banza. Ta biyu, me yake yi a ciki? Mai son keɓewa za ka tarar yana karatu, ko ɗinki, ko gyaran rediyo, ya fito fuskarsa a sake. Mai ciwon damuwa abin da yake so da ma ya fita daga ransa, ya fito a gajiye fiye da yadda ya shiga. Ta uku, a duba barci da cin abinci da wanka da zuwa aiki. In baƙin ciki ko fitar sha'awar komai ya kai mako 2 kusan kullum, tare da rikicewar waɗannan, a kai shi asibiti. In ya fara cewa gara ya mutu ko ya zama kaya a wuyan mutane, ba a jiran mako 2, ranar za a tafi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. A kula musamman da mai jego da ta daina magana ta daina kula jariri, kada a ce kunyar ɗan fari ce kawai.

Sani_Fanteka:
Ƙarin bayani kan "me yake yi a ciki". A 2014 masu bincike a Jami'ar Bajiniya ta Amurka sun zaunar da mutane su kaɗai a ɗaki na minti 6 zuwa 15, babu waya babu littafi, sai tunaninsu. A wani zagaye aka bar musu maɓallin da in sun danna lantarki zai ɗan ja su. Maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun gwammace su ja wa kansu wutar da su zauna haka nan. Zama da kai abu ne da ake koya. Yawancin matasan da ake cewa sun keɓe a ɗaki ba su keɓe ba, majalisar ce suka ɗauko suka sa a tafin hannu, mai mutum dubu maimakon goma.

Ɗalibin_Zaure:
Tunda an zo kan koyo, makarantar keɓewa da shari'a ta tanadar mana ita ce i'itikafi, kuma sharuɗɗansa a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, sun nuna yadda keɓewa mai lafiya take. Ba ya yiwuwa sai da azumi, sai a jere, sai a masallaci. In kwanakin za su haɗa da Juma'a, sai a masallacin Juma'a, don kada fita sallar ta karya shi. Ana shiga kafin faɗuwar ranar daren da za a fara. Mafi ƙarancin abin da aka fi so kwana 10 ne. Ba a fita sai don biyan bukatar ɗan'adam, ba a fita duba mara lafiya ko jana'iza ko ciniki.

Ku lura, an yanke mutum daga kasuwa da hira da iyali, amma an ajiye shi a inda jama'a ke taruwa sau biyar a rana. Yana da ranar shiga, yana da ranar fita, yana da aikin da zai cika lokacin.

Abin da ke ɓata shi a aikace sananne ne. Mutum bai tanadi mai kawo masa buɗa-baki da sahur ba, sai ya riƙa fita. Bai bar wa iyali cefanen kwana goman ba, sai waya ta yi ta ƙara. Abokai su shimfiɗa tabarmi wuri guda, bayan tarawihi a buɗe sabuwar majalisa har lokacin tahajjud. Ko a cika ciki da buɗa-baki, dare ya tafi a barci. Maganinsu tun kafin 20 ga watan azumi ake yi: a sallami gida, a wakilta wani a shago, a zaɓi kusurwa nesa da abokai, a tsara izu nawa za a karanta kowace rana, waya kuma a ware mata minti 10 bayan la'asar.

Abu_Maryam:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don yana da iyaka. Gyara ɗaya: sharaɗin azumi na Malikiyya da Hanafiyya ne, Shafi'iyya ba su wajabta shi ba. Na faɗa ne don 'yan'uwanmu da ke zaune a Masar ko gabashin Afirka kada su ga wani ya yi su ce bai inganta ba.

Bakatsine_77:
Bari in koma kan misalan da aka buɗe zaren da su, don ba a ƙarasa labarin ba. Ibn Khaldun kafin ya shiga waccan ƙal'a ya shafe sama da shekara 20 a fadojin Tunis da Fas da Garnaɗa da Bijaya, ya yi sakatare, ya yi jakada, ya yi zaman kurkuku. Abin da ya gani a can shi ya zuba a takarda. Kuma bayan kusan shekara 4 da kansa ya tattara ya koma Tunis, saboda yana bukatar littattafan da zai tantance abin da ya rubuta da ka. Ghazali sai da ya zama babban malamin Bagadaza sannan ya riƙa hawa hasumiyar masallacin Dimashƙa yana kulle kansa, kuma a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur.

Hatta Ba'amurken da ake yawan kafa hujja da shi, Thoreau, marubucin da ya gina ɗan ɗaki a bakin tafkin Walden ya zauna shekara 2 da wata 2 da kwana 2 daga 1845, tazararsa da garinsu Concord ba ta kai kilomita 3 ba. Filin na abokinsa Emerson ne, yana shiga gari a kai a kai, kuma kujeru uku ya ajiye a ɗakin saboda baƙi. Babu ɗayansu da ya shiga ɗaki hannu wofi.

Malama_Adabi:
Bakatsine_77, wannan ya ƙarfafa maganarka, amma bai rushe ta Alƙalamin_Dare ba. Tarawa a cikin mutane ake yi, saƙawa a keɓe. Ga misali na gida tunda ka nema. A 1936 an ɗauke Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina aka kai shi Zariya na wata 6, aikinsa kawai ya rubuta Magana Jari Ce. Hausar da ke ciki ta fada ce da kasuwa da zaure, amma da an bar shi da aji da baƙi da hidimar gari, da wuya littafi uku su fito a wannan ɗan lokaci. Mawaƙin baka ma da ka ambata, 'yan amshi ba su ne ke ƙirƙiro ɗiyan waƙa a filin wasa daga babu ba, akwai zaman da ake yi a gida a tsara a gwada kafin a fito.

Akwai kuma wani gefe da ba mu taɓa ba, wato karatu. Sauraron tatsuniya aikin taro ne, karanta littafi a zuci aikin mutum ɗaya ne. Ƙagaggen labari yana iya shigar da kai cikin zuciyar tauraro ka ji abin da yake saƙawa wanda bai gaya wa kowa ba, abin da dandali ba ya iyawa sosai, don a can sai an furta ake ji. Shi ya sa littattafan da matanmu ke rubutawa suka cika da zancen zuci: amarya a ɗaki, bazawara a gidan iyaye, mai takaba a cikin wata 4 da kwana 10. Marubucin da bai taɓa zama ya saurari zuciyarsa ba, in ya zo irin wannan wuri sai ya cika shi da kuka da "ta rasa abin da ke mata daɗi", ya wuce.

Lauyan_Talakawa:
A ƙara wannan a ma'auni, don kada a ɗauka duk wanda aka rufe zai fito da littafi. Marubuci Wole Soyinka ya yi kimanin shekara 2 a tsare lokacin yaƙin basasa, mafi yawa shi kaɗai a kurkukun Kaduna, yana rubutu a ɓoye a 'yan takardu da tsakanin layukan littattafai. Abin da ya bayyana daga baya yaƙi ne na kada hankalinsa ya gushe. Dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Mandela a 2015, sun ce tsare mutum shi kaɗai awa 22 ko fiye a rana babu wata mu'amala ta kirki, in ya wuce kwana 15 a jere, haramun ne. Wannan ya shafi gidaje ma. Ɗaure mai taɓin hankali a ɗaki ko kulle yaro mai shaye-shaye wata da watanni ƙara masa ciwo yake yi.

Malamar_Firamare:
Alƙalamin_Dare ya ce "tun suna yara", to bari in tsaya a nan. Yaro mai shiru a aji mai ɗalibai 80 ɓacewa yake yi. Malami ya jefa tambaya, masu ɗaga hannu su biyar ɗin nan na kullum su amsa, a rubuta wa sauran "ba ya ƙoƙari".

Mataki na farko, a tabbatar yana ji. Yaro da yawa da ake kira miskili ciwon kunne ne ya rage masa ji. A tsaya a bayansa a kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa, a duba ko kunnen na zubar da ruwa, in akwai shakka a kai asibiti. Na biyu, a tambayi gida. In yana surutu a gida amma a makaranta ko kalma ba ya furtawa har ya wuce wata guda, ba wata na farkon shiga ba, wannan tsoro ne mai bukatar kulawa, kuma duka ƙara shi yake yi. In kuwa ko'ina mai kaɗan ɗin magana ne amma aikinsa na rubutu lafiya lau, a bar shi da halinsa, a gyara salon tambaya. A yi tambaya a ce kowa ya rubuta amsa cikin minti 2 kafin a ɗaga hannu. A haɗa su bibbiyu maimakon rukunin mutum goma. In za a tashe shi gaban aji, a gaya masa tun jiya. A gida kuma a daina "gaishe su mana, kai wane irin yaro ne" a gaban baƙi. A koya masa gaisuwar tun kafin su zo, ya durƙusa ya gaida su, ya kawo ruwa, sannan a sallame shi.

Dattijon_Layi:
'Ya'yana, wannan na ƙarshe shi ne dabarar manya ma. Jama'a ba yawan zamanka suke ƙirgawa ba, wuraren da aka neme ka suke ƙirgawa. Abu huɗu ne in ka riƙe ba mai ce maka miskili: jam'i a masallacin layi, jana'iza, dubiya, da gaisuwar safe in ka wuce mutane, wato ka tsaya ka tambayi iyali, ba ɗaga hannu daga kan babur ba. Ɗaurin aure minti 20 ne, ka je da wuri a gan ka, ka yi wa uban ango da waliyyi Allah sanya alheri, ka tafi. Zaman makoki ka je ranar farko da safe, ka yi addu'a, ka ɗan zauna. Majalisa ka ware mata rana guda a mako, ka zauna rabin awa da zuciya ɗaya. 'Yan'uwa na nesa, kiran waya ranar Juma'a. Kuskuren masu son keɓewa shi ne ɓacewa wata uku, sannan su bayyana ranar da suke da bukata. Zumunci a ƙafa yake, amma ba a ce sai ka kwana a can ba.

Ummu_Khalil:
Baba, wannan lissafin na maza ne. Mace ba ta isa ta yi minti 20 a gidan biki ba. Akwai kamu, akwai yini, akwai kai amarya, akwai buɗar kai, ga anko. In ta je ɗaya ta bar uku, sai an yi shekara ana maganar. Abin da wasu ke yi shi ne su karɓi aiki: rabon abinci, tsaron ɗakin kaya, riƙe littafin gudummawa. Mai aiki a hannu ba a tilasta mata hira, kuma kowa ya shaida ta zo.

Alƙalamin_Dare:
Na karɓi gyaran Bakatsine_77 cewa ba a shiga ɗaki hannu wofi, na kuma karɓi na Gardi_Mai_Allo. Inda ban gamsu ba shi ne, duk dabarun da aka kawo mai shirun ne ke biyan kuɗin zaman lafiya, shi ke lissafin minti, shi ke neman aikin fakewa. Ban ji an ce ga abin da majalisa za ta rage ba.

Gardi_Mai_Allo:
A tsangaya dai an rage. In gardi ya ɗauki allonsa ya nufi bayan gari, ba mai binsa da hira, ba mai cewa yana fushi, abincinsa ma ajiye masa ake yi. Saboda kowa ya san abin da ya je yi ne. Malamar_Firamare, a makarantun boko na kwana akwai wani lokaci da aka ware wa yaro ya zauna shi kaɗai, ko duk a cikin aji ake yin karatun dare?